Barewa Mai Farar Wutsiya: Shekara Ɗari Ana Rigima Kan Harbin Mace

 

Tafiyar yau mai nisa ce. Za mu tsallaka teku zuwa jihar Pennsylvania da ke arewa maso gabashin Amurka, inda a farkon shekarun 2000 wani ma'aikacin gwamnati mai suna Gary Alt ya riƙa shiga zauren taro da rigar da harsashi ba ya hudawa a ƙarƙashin tufafinsa. Masanin namun daji ne, kuma abin da yake zuwa faɗa wa jama'a bai wuce wannan ba: bareyi sun yi wa dajin jihar yawa, dole a rage su, ragewar kuwa ba za ta yiwu ba sai an harbi mata. Waɗanda ke cika zaurukan mafarauta ne. Bayan 'yan shekaru bareyin suka ragu kamar yadda ya nema, mutum ya wuni a daji bai ga ko wutsiya ba, magana ta kai majalisa, ta kai kotu. Amma ba a kan Alt aka fara ba. Kakannin waɗannan mafarauta sun yi irin wannan faɗa da hukumar da yake wa aiki tun kafin a haife shi.

Tukuna dai mu san dabbar. Mun kira ta barewa ne don ita ce kalmar da ta fi kusa a bakinmu, amma ba irin ta dajinmu ba ce. Ta fi tamu jiki, namiji ƙosasshe yakan haura kilo 60. Ƙahonsa yana da rassa kamar bishiya, kuma duk shekara yakan zube a cikin hunturu, sabo ya tsiro idan ɗumi ya dawo. Mace ba ta da ƙaho. In dabbar ta firgita sai ta ɗaga wutsiya ta zura da gudu, farin da ke ƙarƙashin wutsiyar ya bayyana kamar an ɗaga tuta, a nan ta samo suna. Cikinta kusan kwana 200 ne, tana haihuwa a Mayu ko Yuni, kuma wadda ta ƙoshi tagwaye take saukewa. Namiji ɗaya yana iya wadatar da mata da dama. Duk wanda ya taɓa zama da makiyayi ya san ma'anar wannan lissafi: ka sayar da bijimai garke yana nan, ka taɓa shanun haihuwa ka taɓa jari. Mu riƙe wannan, don a kansa aka yi dukan rigimar.

Masana sun kiyasta cewa kafin Turawa su zauna a Arewacin Amurka akwai irin wannan barewa tsakanin miliyan 24 zuwa 33. Kasuwa ce ta fara cin su. A ƙarni na 18 jiragen ruwa sun riƙa tashi daga Charleston da Savannah maƙare da fatun bareyi zuwa Ingila, inda ake ɗinka wanduna da safar hannu da su. Fatar ta zama kamar kuɗi a bakin daji, har ana danganta kalmar nan da Amurkawa ke kiran dala da ita a bakin titi, wato "buck", da wannan ciniki, don ita ce kalmarsu ta namijin barewa. Tun a 1646 garin Portsmouth na Rhode Island ya ware watannin da aka hana farautar barewa, alamar cewa an fara ganin raguwa da wuri. Sai dai doka ce babu mai tsaronta. Da ƙarni na 19 ya zo da jirgin ƙasa da bindiga mai harbi a jere, nama ya samu hanyar isa manyan birane, farauta ta koma sana'ar cika taragu. Ana bi da karnuka, ana haska fitila da dare, ana zuba gishiri a laɓe a jira. Zuwa 1900 abin da ya rage a duk faɗin ƙasar bai wuce rabin miliyan ba.

A Pennsylvania an haɗa da sare daji. Garin Williamsport ya yi suna a duniya da katako, majemu kuma suna ɓare bawon bishiya don jima, a bar gangar jikin a yashe. Bayan masu gatari sai gobara ta bi ta cinye abin da ya saura. Kyarkeci da damisar dutse, waɗanda su ne ke cin barewa tun asali, an ƙarar da su, don gwamnati na biyan lada ga duk wanda ya kashe. Ana ba da labarin wani attajirin Pittsburgh, John M. Phillips, wanda a shekarun 1880 ya bi sawun namiji ɗaya a dusar ƙanƙara har kwanaki bai ga sawun wata barewa ba. Da ya harbe shi sai tsoro ya kama shi, yana zaton ta ƙarshe a jihar ce ya kashe. Wannan mutum daga baya ya zama ɗaya daga cikin kwamishinonin Hukumar Namun Daji ta jihar, wadda aka kafa a 1895.

A nan ya kamata mu yi wa mafarauta adalci, don su ne suka ceci dabbar. Su suka matsa aka kafa hukumar. Su suka goyi bayan hana sayar da naman daji da hana bin barewa da karnuka. A 1900 gwamnatin tarayya ta yi dokar Lacey, wadda ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, ta karya ƙashin bayan maharban kasuwa. A 1906 hukumar ta sayo bareyi 50 daga Michigan ta saki, ta ci gaba da saye daga wasu jihohi har kimanin 1,200 zuwa 1925. An keɓe wuraren da ba a harbi, an zagaye su da zaren waya ɗaya tak, wanda dabba za ta tsallake amma mutum ya san haddinsa. A 1913 aka fara lasisin farauta kan dala ɗaya, mafarauta suka zama masu ɗaukar nauyin hukumar da aljihunsu.

Babbar dokar kuwa ita ce ta 1907: ba a harbin barewa sai mai ƙaho. Mace ta zama haram ga bindiga.

Dokar ta yi aiki fiye da yadda kowa ya zata, kuma ba ita kaɗai ta yi ba. Dajin da aka sare ya tofo da ƙananan itatuwa da sarƙaƙiya, miliyoyin eka na ɗanyen ganye daidai bakin barewa. Ga abinci, babu kyarkeci, babu mai taɓa uwa. Cikin shekara goma sha biyar manoma suka fara kuka, bareyi sun shiga gonakin hatsi da lambunan tuffa. An ruwaito cewa sakataren hukumar na farko-farko, Dokta Joseph Kalbfus, ya hango abin tun 1917, har ya gode wa Allah cewa ba shi ne zai kasance a kan kujerar ba idan shekara goma ta cika, don wani zai ɗanɗana kuɗarsa. Ya rasu a 1919, ya bar wa na baya.

A 1923 hukumar ta gwada buɗe farautar mata a wani ɗan yanki na gundumar Franklin. Mafarauta suka sayi lasisin, ba don su yi harbi ba, sai don kada wani ya samu. A 1928 ta yi ta maza, ta rufe farautar masu ƙaho a duk jihar, ta ce bana mata kawai. Aka yi ca. Aka kafa alluna a bakin daji da gonaki ana cewa matsoraci ne kaɗai ke harbin mace, aka garzaya kotu, jaridu suka ɗauka. Duk da haka an kashe sama da 25,000 a wannan kaka. A lokaci guda kuma ma'aikatan hukumar suna tsintar gawarwakin 'ya'yan bareyi a kwazazzabai idan ƙanƙara ta narke, yunwa ta kashe su, domin manya sun cinye duk abin da baki ke kaiwa.

Mutum zai ce to ga gawa a ƙasa, me ya rage na musu? Sai mu tuna su wane ne masu musun. Mutanen da suka ga daji babu komai ne da idonsu, suka kuma ga ya cika bayan an daina harbin mata. A wurinsu babu hujjar da ta fi wannan. Abin da ya fara a matsayin dabarar farfaɗo da garke ya koma tarbiyya, uba ya koya wa ɗa cewa namijin kirki ba ya ɗaga bindiga ga uwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. 'Yan majalisa ma sun karanci inda ƙuri'a take, har akwai lokacin da doka ta bai wa mafarautan gunduma damar tara sa hannu su soke farautar mata a yankinsu ko da hukuma ta buɗe.

Ba Pennsylvania kaɗai ba ce. A jihar Wisconsin, shahararren masanin nan Aldo Leopold ya kwashi mutane ya kai su daji a 1943 suka ga 'ya'yan bareyi na mutuwa da yunwa, aka yarda aka buɗe farautar mata, aka kashe bareyi kimanin 128,000 a kaka ɗaya. Mafarauta suka raɗa wa shekarar sunan shekarar ta'asa, suka yi ta caccakarsa har ya rasu a 1948. Fim ɗin Bambi na Disney, wanda maharbi ke kashe uwar ɗan barewa a cikinsa, ya fito ne a 1942, don haka ko mutanen birni da ba su taɓa riƙe bindiga ba sun riga sun zaɓi ɓangare.

Mu dawo Pennsylvania. Bayan an daɗe ana ja-in-ja sai aka zauna a kan wani sulhu da ya ɗauki shekaru da dama: mako biyu na farautar maza, sannan 'yan kwanaki, daga baya uku, na mata ga wanda ya samu lasisi na musamman. Ranar buɗewa ita ce Litinin ta bayan bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba, kuma a ƙauyuka da yawa har makarantu ake rufewa. A farkon shekarun 1980 masu lasisin farauta a jihar sun kai kimanin miliyan 1.3. Iyalai suna da bukkokin katako a tsaunukan arewa, kaka da uba da jika su kwana wuri ɗaya, a fita da asuba cikin jan kaya ko ruwan lemo don kada a harbi juna. Yaro zai zauna a gindin bishiya ya ƙirga bareyi gommai kafin azahar. Wannan shi ne abin da mutanen wannan zamani suka tashi suka sani a matsayin daji mai lafiya.

Alhali dajin ba shi da lafiya. Sarƙaƙiyar da ta ciyar da garken farko ta girma ta zama dogayen bishiyoyi, ganye ya hau sama inda baki ba ya kaiwa, abinci ya ragu amma bakuna ba su ragu ba. Duk wanda ya ga yadda awaki ke aske bishiya iya tsayin wuyansu zai gane hoton: daga ƙasa zuwa kusan kafaɗar mutum babu ganye ko ɗaya, kamar an sa almakashi an daidaita. Duk ɗan itacen da ya leƙo daga ƙasa an cinye shi. Abin da barewa ba ta so ne kawai ya tsira, musamman wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu da Turawa ke kira fan, wanda ya shimfiɗu ya rufe ƙasa ya hana iri samun haske. Baƙo zai ga kore shar ya ce ma sha Allah. Mai ilimin daji kuwa gari yake gani mai tsofaffi babu yara. Bishiyar ok, wadda 'ya'yanta ne abincin bareyin kansu da beyar da talotalon daji, ta daina samun magada a wurare da yawa. Furannin daji suka ɓace, tsuntsayen da ke sheƙa a ƙananan itatuwa suka ragu. Masu kula da gandun daji sai da suka koma kewaye wuraren da aka sare da dogon shinge, da tsada, kafin sabon daji ya tashi.

Don a raba gardama, masu binciken hukumar gandun daji ta tarayya a yankin Allegheny suka killace filaye suka zuba bareyi da ƙidaya: wani fili 10 a kowace murabba'in mil, wani 20, wani 38, wani 64, suka zuba ido shekara goma. Sakamakon da Stephen Horsley da Susan Stout da David deCalesta suka buga a 2003 ya nuna cewa da zarar an haura kimanin 20 daji yakan fara lalacewa. Yankuna da yawa na jihar sun daɗe da wuce wannan adadi. Bareyin kansu sun ƙanƙance. Kusan kashi 80 cikin ɗari na mazan da ake harbewa ba su wuce shekara ɗaya da rabi ba, ƙahonsu bai fi yatsu ba, don da wuya namiji ya tsallake kakar farautarsa ta farko da ƙaho a ka.

A haka Gary Alt ya karɓi sashen bareyi a 1999. Ya shafe sama da shekara ashirin yana aikin beyar, yana rarrafawa cikin ramukansu yana auna 'ya'ya, talabijin na nuna shi, mafarauta na ƙaunarsa. Wannan farin jini aka so a yi amfani da shi. Shi kuma ya san ba za a sayar wa mafarauci maganar furanni da tsuntsaye ba, don haka ya zo da ciniki. Yakan tsaya gaban taro riƙe da ƙaho biyu, ɗan ƙarami a hannu ɗaya, ƙato mai rassa a ɗayan, ya ce bambancinsu shekara ɗaya ce ta rayuwa. Ku ƙyale ƙananan maza su girma, ku cike tukunya da mata, za ku samu manyan ƙahoni, daji kuma ya huta. Ya yi irin wannan taro sama da 200.

A 2001 aka haɗe farautar maza da mata cikin mako biyu guda. A 2002 aka kafa ƙa'idar ƙaho: a mafi yawan jihar sai namiji yana da tsini uku a ɓangare ɗaya kafin a harbe shi, a wasu yankunan yamma huɗu. Lasisin mata ya kai kusan miliyan ɗaya a shekara. A kakar 2002 an kiyasta kashe bareyi sama da 517,000. Zuwa 2007 adadin ya sauko kusan 323,000. Kafin nan Alt ya ajiye aiki a ƙarshen 2004, yana cewa hukumar da kuɗinta ke fitowa daga aljihun mafarauta ba za ta iya yin abin da daji ke buƙata ba muddin mafarautan ba sa so. Ba shaci-faɗi ya yi ba. Hukumar ba ta dogara da harajin jama'a, da kuɗin lasisi take rayuwa, da rabonta na harajin bindiga da harsashi da dokar Pittman da Robertson ta 1937 ta kafa, da abin da take samu a filayenta. Wanda ke ciyar da kai shi aka ce ka hana abin da yake so.

Daga nan ne muhawarar ta koma tsakanin mafarauta su da kansu, kuma ita ce ta fi ɗaukar hankalinmu.

Ɓangare ɗaya, wanda ƙungiyar Unified Sportsmen of Pennsylvania ta fi ɗaga wa murya, suka ce an yi kisan kiyashi. Hujjarsu idonsu ne. Dutsen da uba ya ga bareyi talatin a wuni, yau ɗa ya yi mako bai ga uku ba. Yaron da aka kai daji ya sha sanyi kwana biyu bai ga komai ba, baɗi ba zai koma ba, kuma in yara suka daina zuwa farauta ta mutu. Bukkoki sun fara zama kufai, masu shaguna da masaukai a ƙauyukan arewa sun rasa cinikin makon da suke jira duk shekara. Sun kuma tambayi hukumar ta ina ta san yawan bareyi, tunda ba wanda ya taɓa ƙirga su. Tambaya ce mai nauyi. Lissafin hukumar kiyasi ne da ake ginawa a kan rahoton da mafarauci ke aikawa bayan ya yi kisa, kuma ƙasa da rabinsu ne ke aikawa, sai a cike giɓin da abin da ma'aikata suka gani a wuraren fiɗa. Suka ce a rage lasisin mata, a dawo da kwana uku, a bar garke ya farfaɗo kamar yadda aka yi a 1907. Wasu suka yi zargin cewa an sadaukar da barewa ne don 'yan katako da masu son tsuntsaye. Har wani malamin jami'ar Penn State, William Sharpe, ya ba su makami, da ya ce ruwan sama mai guba daga hayaƙin masana'antu ya lalata ƙasar dajin, kuma wannan na cikin abin da ke hana itatuwa tashi, ba bakin barewa kaɗai ba.

Ɗaya ɓangaren ma mafarauta ne, ba baƙi ba. Su suka ce abin da ake kira da can ba daidai ba ne, kumburi ne, kuma ba a auna lafiya da kumburi. Suka nuna manyan ƙahonin da aka fara kawowa, irin waɗanda iyayensu ba su taɓa gani ba. Suka ce bareyin ba su ƙare ba, wayo suka yi. Wani bincike da aka yi a dajin Sproul, inda aka bi diddigin mafarauta da na'urar nuna wuri da kuma jirgin sama, ya nuna mafi yawansu ba sa yin nisan da ya wuce rabin kilomita daga hanyar mota. Barewa kuwa da ta ji harbin farko sai ta haye gangare mai sarƙaƙiya ta kwanta. Wannan magana ta ƙona ran mutane ƙwarai, don ba wanda ke son a ce masa ragwanci ne ya hana shi nama.

Sai kuma batun koyoti, wani ɗan uwan dila da ya fi shi girma, wanda ya bazu a jihar a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Jita-jita ta yi ta yawo cewa hukumar ce ta sako su a ɓoye, ko kamfanonin inshora da suka gaji da biyan motocin da suka yi karo da barewa. Hukumar ta sha musantawa, ba a kuma taɓa kawo shaida ba, amma labarin bai mutu ba. Abin da bincike ya nuna ya fi jita-jitar ban sha'awa. A 2000 da 2001 an saka wa jariran bareyi sama da 200 na'ura a wuya aka bi su. Namun daji ne suka fi kashe su, kuma beyar, wadda mafarauta ke alfahari da ita, ta ci kusan daidai da koyoti. A yankin gonaki fiye da rabi sun rayu, a cikin babban daji ba su kai rabi ba. Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi a ciki. Waɗancan suka ce kun gani, ga masu cin 'ya'ya, ku daina harbin uwaye. Waɗannan suka ce jariri yana buƙatar sarƙaƙiyar da zai ɓuya, kuma yawan bareyi ne ya cinye ta.

In aka tambaye mu, mukan ga cewa idon mafaraucin bai yi masa ƙarya ba. Bareyi sun ragu, kuma sun fi raguwa daidai inda talaka ke farauta, wato filayen gwamnati na tsaunukan arewa da kowa ke da izinin shiga. A unguwannin da ke kewaye da Philadelphia da Pittsburgh, da gonakin da masu su suka kafa allon hana shiga, bareyi suna nan suna cin furannin ƙofar gida suna faɗa wa motoci. Hukumar na magana da matsakaicin lissafin yanki, mutum kuwa a kan dutse ɗaya yake zaune. Ce masa ya ƙara nisa ba amsa ba ce ga dattijo mai ciwon gwiwa. Inda muka rabu da su shi ne ma'aunin. Shekarun da suke so a koma su ne shekarun da garke ke cin jarin dajin, kuma maganin 1907 an yi shi ne don daji mai abinci babu dabba. Yanzu dabba ce ta fi abinci. Wanda ya tashi a gidan da ake cin bashi ana shagali, ranar da aka fara biya zai ga kamar talauci ne ya shigo.

Ƙungiyar Unified Sportsmen ta kai hukumar ƙara, a 2011 kotu ta yanke hukunci a kan hukumar ce ke da gaskiya. Kafin nan, a 2010, majalisar jihar ta sa wata cibiya mai zaman kanta, Wildlife Management Institute, ta binciki shirin, ta ce tushensa na kimiyya yana da kyau amma akwai gyare-gyare. Sai dai abin da ba a samu a kotu ba an samu wani ɓangarensa a teburin kwamishinoni. Daga 2008 aka fara raba kakar a wasu yankuna, kwanakin farko maza kawai, aka yi ta faɗaɗa wannan tsari, aka kuma rage lasisin mata. Ita hukumar ta daina kafa hujja da jimillar bareyin jiha, ta koma duba abu uku: lafiyar dabbar, lafiyar daji, da yawan koke-koken jama'a.

Dajin bai yi saurin dawowa ba. A wasu wurare ƙananan itatuwa sun tashi, a wasu kuwa tsiron nan da ya rufe ƙasa ya ƙi ba da hanya ko da bakuna sun ragu, don irin da zai tsiro ya daɗe da ƙarewa. Wannan ma ya zama abin musu.

A 2012 aka gano cutar da ke lalata ƙwaƙwalwar barewa tana ramar da ita har ta mutu, wadda ba ta da magani, a wata gonar kiwon bareyi a gundumar Adams, daga baya ta bayyana a na daji. Cunkoso na taimaka mata yaɗuwa, don haka maganar rage garke ta dawo ta wata ƙofa. Masu lasisi kuma sun ragu zuwa ƙasa da 900,000, yawancinsu sun manyanta, har masana sun fara damuwa da cewa wata rana za a nemi masu harbin matan a rasa. A 2019 aka mayar da ranar buɗewa Asabar don ma'aikata da ɗalibai su samu zuwa, masu bukkoki suka yi ta ƙorafi an rusa musu al'ada. A 2021 aka dawo da mako biyu na maza da mata a haɗe a duk jihar, tsarin da aka zagi Alt a kansa shekara ashirin da suka wuce. Ƙa'idar ƙahonsa kuwa tana nan da ɗan gyara, kuma yawancin mafarauta yanzu suna sonta.

Adadin lasisin mata dai ba a taɓa gama shi ba. Duk watan Afrilu kwamishinonin hukumar kan zauna a Harrisburg, masana su kawo nasu lissafi yanki-yanki, mafarauta da manoma da masu gandun daji su yi layi a gaban makirufo, kowa a ba shi 'yan mintoci, sannan a kaɗa ƙuri'a a kan na bana.